Iska da Gudu: Abin da Ke Tarwatsa Tayoyin Tirela a Hanyar Jega

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, ya san baƙaƙen ɓallin roba da ke yashe a gefen kwalta. Kowanne daga cikinsu shaida ne na wata taya da ta tarwatse mota tana cikin gudu. Idan Allah ya taƙaita, asarar ta tsaya a kan taya. Idan kuwa abin ya zo da ƙarar kwana, sai tirela ta kife da albasar da manomin Aliero ko na Dangamaji ya kwashe watanni yana ban ruwa, tare da bayin Allah da suka hau saman buhuna domin rangwamen kuɗin mota.

Mukan ce ƙaddara ce, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Sai dai taya tana da dalilin fashewa, kuma dalilin nan zafi ne. Iskar da ke ciki ita ke ɗauke da kaya, robar mazubi ce kawai. Idan iskar ta gaza abin da nauyin ke bukata, gefen tayar yakan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, tamkar wayar da yaro ke lanƙwasawa har ta ɗau zafi ta karye. Gudu yana ƙara yawan juyin, lodin da ya wuce kima yana ƙara zurfin lanƙwasar. A haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kebbi ke haura digiri 40, sai robar ta saki wayoyin ƙarfen da ke cikinta.

A nan ne wata al'ada ta direbobinmu take ba ni tsoro. Direba zai tsaya a Jega da tsakar rana, ya taɓa taya ya ji ta yi zafi, sai ya sa yaron mota ya rage mata iska don kada ta fashe. Niyyar mai kyau ce, aikin kuwa kuskure ne. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi, amma maƙeranta sun riga sun lissafa da wannan ƙarin. Wanda ya sace iskar ya bar tayar da ƙasa da bukatarta, za ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi. Maganin taya mai zafi shi ne a tsaya ta huce. Awon iska kuma da sanyin safiya ake yin sa, ko bayan motar ta yi awa uku a tsaye, kuma da geji. Bugun taya da ƙarfe a saurari amonta ba ya nuna komai sai tayar da ta kusa sacewa gaba ɗaya. Ta ciki a jerin tagwaye ta fi kowace yaudara, domin 'yar'uwarta ta waje tana rufa mata asiri, tana ɗaukar nauyin biyu har ita ma ta gaji.

Tayar da kanta tana ɗauke da sharuɗɗanta a jiki. Idan aka ga 156/150 L, ma'anarsa kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, kilo 3,350 idan tagwaye ne, harafin L kuma iyakar kilomita 120 a awa, shi ma sai idan iska ta cika kuma lodi bai zarce ba. Lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT suna faɗin mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Mai sayen tayar gwanjo da bai duba wannan ba, zanen sama kawai ya saya.

Kada kuma harafin L ya ruɗi kowa. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen titi, motar da ke jan wata kuwa 45 a ko'ina. Tun watan Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya, amma mai tafiya tsakanin Maiyama da Koko zai iya yi wa kansa alƙalanci kan tirela nawa ke tsayawa a 50.

Ban ɗora wa direba laifin duka ba. Albasa ba ta jira, dillali a Legas yana kiran waya, mai mota yana ƙirga sawu, kuma shi ne ya sayo tsohuwar tayar. Shi ya sa nake ganin gyaran ya kamata ya fara daga wurin lodi. Ƙungiyoyin NARTO da NURTW, da shugabannin 'yan albasa na Aliero, suna da ikon ajiye mai faci da geji mai kyau a bakin kasuwa, su hana kowace tirela tashi sai an auna tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har da na ciki. Aikin ba zai ci rabin awa ba.