Narkakken Gishiri da Ajiyar Zafin Rana a Gaɓar Shuɗin Nilu

Garuruwan Hausawa da Fulani na gaɓar Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar a 1906, sun daɗe suna dogara da kogi, domin madatsar Sinnar ta 1925 ce ke shayar da gonakin Jazira, ita da ta Rusairis ta 1966 kuma suna ba da lantarki. Rana ta wadata a yankin, amma amfaninta na yankewa da magariba, shi ya sa batun narkakken gishiri, wanda ke riƙe zafin yini har cikin dare, ya cancanci kulawar masu tsara makamashi a Sudan.

Gishirin miya haɗi ne na ƙwayoyin zarra iri biyu masu ɗauke da caji, sodiyam mai caji tabbatacce da kulorin mai kishiyarsa, kuma a daskare kowace ƙwaya na kewaye da shida na ɗaya nau'in. Idan zafi ya kai digiri 801 jerin ƙwayoyin yakan wargaje, gishirin ya kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, maƙwabtan kowace ƙwaya su ragu zuwa huɗu ko biyar. Abin mamaki shi ne tsarin bai ɓace duka ba, domin binciken da masana a Ingila suka yi da hasken niyutron a 1975 ya nuna cewa caji na ci gaba da jeruwa bi da bi, jan junan da ke tsakanin kishiyoyin cajin kuwa shi ke hana narkakken gishirin ƙafewa ko da ya yi zafi ƙwarai, don haka ba ya buƙatar tanki mai jure matsi.

Tashoshin rana kuwa, maimakon gishirin miya, suna amfani da gaurayen gishirin naitiret, kashi 60 na sodiyam da 40 na fotasiyam, wanda ƙwayarsa faifai ce mai kusurwa uku, naitirojin a tsakiya da oksijin uku a gefe, kuma gauraya iri biyu na hana ƙwayoyin jeruwa da sauƙi, sai ya narke ƙasa da digiri 250. A tashar Nur ta uku da ke Warzazat a Maroko, madubai na tara rana a kan hasumiya su dumama gishirin zuwa digiri 565, zafin da ya riƙe kuma ya juya injin megawat 150 na kimanin awa bakwai bayan faɗuwar rana. Kusa da digiri 600 naitiret yakan fara rushewa yana sakin oksijin, abin da ya sa masana ke nazarin gishirin kulorin, wanda ke jure zafi fiye da haka amma yana cin ƙarfe idan danshi ya shige shi.