Yadda Za Mu Aika Bidiyo ta Intanet Ba Tare da Hoton Ya Dushe Ba

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da yawa akwai matasa masu ɗaukar bidiyo ranar aure, taron mata ko buɗe sabuwar rijiya. Sukan gyara shi a kwamfuta har ya yi kyau. Amma da an aika wa dangi a birni, sai fuskoki su dushe, har kaka ta kasa gane jikarta. Ga shi kuwa ranar biki ba ta dawowa.

Me ke jawo haka?

Bidiyon da aka gama gyarawa yana da nauyi, dole a matse shi kafin ya bi ta intanet. A kowace daƙiƙa akwai hotuna 25 ko 30. Manhajar matsewa takan ajiye cikakken hoto jefi-jefi, a sauran kuma ta riƙe abin da ya canja kawai, ta zubar da ƙananan abubuwan da ido bai cika lura da su ba. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. In an matse sau ɗaya da kyau, da wuya a ga bambanci. In aka sake matse wanda aka riga aka matse, sai ya zama kamar fotokofin fotokofi.

Saboda haka mu matse sau ɗaya, daga asalin bidiyon.

Matakan da za mu bi

1. Mu fitar da bidiyon daga manhajar gyara da inganci mafi girma. Wannan shi ne asali. Mu ajiye shi wuri biyu, kamar yadda manomi yake ware iri.

2. Mu mayar da shi MP4, mai hoto na H.264 da sauti na AAC. An fito da H.264 a 2003, kuma kusan kowace waya tana buɗe shi. Manhajar HandBrake tana yin wannan aiki kyauta.

3. Kada mu canja yawan hotuna a daƙiƙa. In an ɗauka da 30, a bar shi 30. Kada kuma mu ƙara girman hoto fiye da yadda aka ɗauka, domin nauyi kawai zai ƙaru.

4. A cikin HandBrake mu sa lambar RF tsakanin 20 da 23. Ƙaramar lamba tana ba da hoto mai kyau, amma fayil ya fi nauyi. YouTube yana ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa ga bidiyo mai girman 720, wato kusan megabayit 38 a minti ɗaya. Da wannan za mu iya lissafin kuɗin data.

5. WhatsApp yakan sake matse bidiyo da kansa. In muka aika shi a matsayin fayil, yadda ake aika takarda, zai isa yadda yake, har zuwa gigabayit 2.

Gyara yana farawa tun daga ɗauka. Hoto mai rawa da wanda aka ɗauka cikin duhu sun fi wuyar matsewa, domin komai yana canjawa daga hoto zuwa hoto. Mu kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi, mu nemi haske. Kafin mu matse duka, mu gwada minti ɗaya a wayar maƙwabci, mu ga ko ana gane fuskoki.