Cutar Waswasi: Inda Malamin Zaure da Likita Suka Haɗa Baki

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin namu na musamman yau daga Tsarnawa yake zuwa muku, nan inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram.

Duk wanda ya saba yada zango a wannan mararraba ya san yadda azahar take. Direba ya kashe mota, fasinjoji su yi rububin buta, kafin ƙiftawa da bisimilla an sallame an koma kujera. To ku ƙaddara akwai mutum guda da har yanzu yake tsugune. Ya wanke fuska ya sake wankewa, don zuciyarsa ta ce ruwa bai kai gefen kunne ba. Buta ta ƙare, ya ɗebo ta biyu. Ya yi kabbara sau biyar yana yankewa, wai niyya ba ta zauna ba. Karen mota yana ta kira. Wasu su ce tsantseni ne, wasu su ce iska ta taɓa shi. Shi kuwa ya fi kowa sanin abin ya wuce kima, amma bari ya gagara.

Wannan cuta ce mai suna a littattafan likita. Ma'aikatan lafiyarmu masu Faransanci suna ce mata TOC, na Najeriya su ce OCD, mu kuwa mu kira ta cutar waswasi. A cikin mutum 100 akan samu 1 ko 2 masu ita, kuma galibi takan soma kafin shekara 25. Ba a alwala kaɗai take tsayawa ba. Akwai uwargidan da ke wanke hannu har fata ta tsattsage, da ɗan kasuwar albasa da zai ƙirga kuɗi sau goma bai natsu ba, da wanda munanan tunani kan addini ko kan iyalinsa ke faɗo masa a rai, yana ƙyamarsu, yana jin kunyar faɗa wa kowa.

Yadda take aiki kamar ƙazuwa ne. Tunani ya faɗo, hankali ya tashi, mutum ya maimaita wanki ko dubawa, sai ya ji sanyi na ɗan lokaci. Wannan ɗan sanyin shi ne susar. Da daɗi a nan take, amma ita ke faɗaɗa gyambon. Waswasin yau da kullum kowa yana yi. Likita yana kiransa cuta idan ya soma cinye awa guda ko fiye a yini, ko ya hana mutum sana'a da zaman lafiya da iyali.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Maganin da ya fi ƙarfi a yau horo ne. A 1966, wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya bayyana wata hanya: a sa mai cutar ya tunkari abin da yake tsoro, sannan ya daure ya ƙi maimaitawa. Ana hawa ne daki-daki kamar tsani. Yau ya rufe ƙofa sau ɗaya ya tafi bai waiwaya ba. Wani mako ya yi alwala da buta guda ya miƙe. Da fari ƙirji zai buga, gumi ya karyo, amma idan ya jure, tsoron yakan sauka da kansa, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi cewa ba abin da ya faru. Yawanci akan yi zama 12 zuwa 20 da mai ba da horon, tare da aikin gida kullum.

Ɗaliban zaure, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenku. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta yi hukunci kan wanda shakka ta aure shi, wanda malaman Malikiyya ke kira mustankihi: ya yi watsi da shakkar rafkanuwa a salla, kada ya koma gyara, ya yi ba'adi kawai. Tun kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin waswasi a matsayin ciwo mai neman magani. Ashe wanda ya ƙi sake alwala bisa umarnin likita bai yi wa addini sakaci ba. Hukuncin da ya karanta a gaban malam ne yake aiki da shi.

Sai kuma ƙwayoyi. Akwai fluoxetine da sertraline, masu aiki kan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, akwai kuma clomipramine, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magunguna masu muhimmanci saboda wannan cuta. A nan ake neman haƙuri. Ba kamar maganin masassara ba ne da za ka ji sauƙi a kwana uku. Sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce ya karɓe ka ko bai karɓe ka ba, kuma kusan rabin masu sha ne ke samun sauƙi a gwajin farko, sauran a canja musu wani. Idan sauƙi ya zo, akan ci gaba aƙalla shekara guda, kuma ba a yankewa rana ɗaya. Wasu kan ji tashin zuciya, bushewar baki ko raguwar sha'awa. A faɗa wa likita, mai ciki kuma ta sanar tun farko. Ƙwayar masu talla a tasha, irin su tramol, ba ta da gurbi a nan.

Ina za a dosa? A soma da gidan likita mafi kusa, a faɗa wa majo abin da ke faruwa ba ɓoye-ɓoye. Daga nan akwai asibitin Birnin Ƙonni, da babban asibitin jiha a Tawa, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E. A tsallaken iyaka, kan hanyar Sakkwato, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Saura ku, iyali. Tausayi kan sa mata ta riƙa ce wa mijinta: "Maigida, na gani da idona, ka wanke." Sau ashirin ya tambaya, sau ashirin ta amsa. Wannan ma susa ce. Tsawa da gori kuwa ɓoyewa suke sa shi. Abin da likitoci ke koyarwa shi ne a yi yarjejeniya tun hankali yana kwance: amsa ɗaya, daga nan sai rarrashi da rakiya zuwa asibiti.

Don haka mutanen Tsarnawa, na Malbaza, na Illela, idan kun ga bawan Allah nan a bakin mota zai ɗebo buta ta biyu, kada a yi masa dariya, kada kuma a miƙa masa ruwan. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce: "Ɗan'uwa, alwalarka ta yi, zo mu yi jam'i."

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A huta lafiya.

(Kiɗan rufewa)