3.2 Tasirin Halayen Tawada a kan Samuwar Ɗigo a Na'urar Bugu Mai Feshi

A wannan sashe za a duba yadda halayen tawada ke shafar fitar ɗigo daga bakin na'urar bugu mai feshi, musamman idan tawadar ta ƙunshi roba mai ɗaukar lantarki. Ita wannan na'ura ba baƙuwa ba ce a shagunan bugu da ke Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ake amfani da ƙirar Epson da HP da Canon wajen buga hotuna da katunan biki da kundayen ɗalibai. Tawadar waɗannan shaguna ta launi ce, amma ƙa'idar samuwar ɗigo ɗaya ce da ta ɗakunan bincike.

Na'urar ba ta taɓa takarda. Tana harba ɗigo ne ta wasu ƙofofi da faɗinsu bai kai kaurin silin gashi ba. A wasu na'urorin HP da Canon zafi ne ke tayar da kumfa ya tunkuɗo tawadar, a na Epson kuwa wani ƙanƙanin abu ne ke motsawa idan lantarki ya shige shi, sai ya matso ta. Ko ta wace hanya, tawadar takan fito da kai da jela, sannan jelar ta tsinke ta haɗe da kan. Abin da ake bukata shi ne ɗigo guda, dunƙulalle, ya sauka inda aka nufa.

3.2.1 Kauri

Kauri shi ne nauyin jikin ruwa wajen gudana, kamar bambancin da ke tsakanin koko da zuma. Idan aka ƙaddara kaurin ruwan sha 1 ne, to yawancin waɗannan na'urori ba sa iya harba abin da ya wuce 20. Tawadar da ta cika kauri takan shanye ƙarfin tunkuɗar, ɗigon ya ƙi fita. Wadda ta cika tsinkewa kuwa takan fantsama. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, domin ƙaro in ya yi yawa tawada ba ta sakin alƙalami, in ya yi kaɗan sai ta malale.

3.2.2 Damƙewar Fuskar Ruwa

Wannan shi ne ƙarfin da ke sa raɓa ta dunƙule a kan ganye. Shi ke tsinke jela, shi ke dunƙule ɗigo, shi ne kuma ke riƙe tawada a bakin ƙofa kada ta zuba. Na ruwan sha ya yi wa na'urar yawa, saboda haka akan zuba sinadari dangin sabulu a rage shi. In an zarce kuma, sai tawadar ta jiƙe bakin ƙofar, ɗigon ya karkace.

Masana sun haɗa kauri da damƙewa da nauyin tawada da faɗin ƙofa cikin lamba ɗaya da ake kira Z, wadda Fromm ya kawo a 1984. A shekarar 2000 Reis da Derby suka nuna cewa ɗigo na fita lafiya idan lambar tana tsakanin 1 da 10. Ƙasa da haka kauri ya yi yawa. Sama da haka jelar takan gutsuttsure zuwa 'ya'yan ɗigo, su sauka a gefe.

3.2.3 Yauƙi

A nan ne roba mai ɗaukar lantarki ta bambanta da tawadar launi. A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka gano cewa wani nau'in roba na iya ɗaukar lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. Wadda aka fi bugawa ita ce PEDOT:PSS, wadda ake damawa cikin ruwa. Ƙwayoyin roba dogaye ne kamar zare, don haka sukan kawo yauƙi irin na miyar kuɓewa. Yauƙi kaɗan yana da amfani, domin yana riƙe jela ya hana ta gutsurewa. In ya yi yawa, jelar ba ta tsinkewa da wuri, har ma takan jawo ɗigon baya.

Yanayi ma yana da tasiri. Zafin bazara a Kano yana rage kaurin tawada, bushewar hunturu kuwa tana ƙafar da ruwan da ke bakin ƙofa har ta toshe, abin da ke haifar da fararen layuka a hoto. Don haka masu haɗa tawadar roba kan ƙara sinadarin itilin gilaikol, wanda ke jinkirta bushewa, yana kuma ƙara mata ƙarfin ɗaukar lantarki.

Bisa ga abin da ya gabata, za a fahimci cewa babu hali guda da ya isa shi kaɗai. Bambancin da ke akwai shi ne girman asara. A katin biki, ɗigon da ya ɓata muni kawai yake jawowa. A layin lantarki kuwa, ɗigo ɗaya da ya ƙi fita ya yanke hanya ke nan, ɗan ɗigon da ya sauka tsakanin layuka biyu kuma ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, na'urar duka ta lalace.