Kashin Jini A Kaji: Ina Matsayin Maɗaci Da Kindirmo?

Da wuya ka shiga lungu a Ƙofar Sauri ba ka ji carar zakara ba, kuma da kuɗin ƙwai da na zakarun salla ne iyayenmu mata da yawa ke saya mana littafi da sabulu. Amma da damina ta sauka sai a ga 'yan tsaki sun takure, sun saki fukafukai, suna kashi da jini. Kafin a ankara an kwashi da yawa an kai juji.

Abokan gaba biyu ne ke zaune a hanjin kaza. Akwai tsutsar ciki, farar nan mai tsawon yatsa da akan gani wajen gyaran kayan ciki. Ita ba ta cika kisa ba, sai dai ta cinye abincin kaza ta bar ta a rame. Muguwar ita ce wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, masana na kiranta Aimeriya. Takan shiga bangon hanji ta hayayyafa har ta farfasa shi, shi ne jinin da muke gani. Ƙwanta yana fita cikin kashi, in ya sami laima da ɗumi, kwana ɗaya ko biyu ya nuna, wata kazar ta tsince shi tare da tsaba. 'Yan tsaki masu sati 3 zuwa 6 su ta fi kayarwa.

Tun kaka da kakanni Bahaushe yana jiƙa sassaƙen maɗaci, ko ganyen bedi, ko tafarnuwa, a kaskon ruwan kaji. Wannan ba shirme ba ne, domin masu bincike sun ga irin waɗannan tsirrai na iya rage ƙarfin cutar. Cikas ɗinsu shi ne rashin awo. Jiƙon yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba, kuma in ɗaci ya yi yawa kaji su ƙi shan ruwan, ga zawo ga ƙishirwa.

Sai kuma ƙwayoyin halitta masu amfani, watau dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. A 1973 wasu masana biyu a ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, suka ɗura wa sababbin tsaki abin da ke cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji, sai tsakin suka fi jure wa cutar Salmonela. Dalili kuwa, ƙwayoyin kirki sun riga sun cika gida, baƙo bai sami shimfiɗa ba. Da Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙiba a 2006, sai hankali ya ƙara komawa kansu. Yanzu ana sayar da su gari-gari a ƙunshi, a dama a ruwan sha.

To amma iyaye su lura, waɗannan duka masu ƙarfafa hanji ne, ba sa tsai da cutar da ta riga ta kama. Ranar da aka ga jini, a ware marasa lafiya, a nufi asibitin dabbobi. Amfuroliyom ake bayarwa don kashin jini, fiferazin kuma don tsutsa. Bayan an gama magani sai a bi da masu gyara hanjin. Aikinmu mu yara kuwa shi ne share akurki, da canja jiƙaƙƙen ƙaiƙayi da busasshe, da ɗora kaskon ruwa bisa bulo don kada kaji su taka ciki.