Abin Da Ido Ba Ya Gani A Ruwan Kiwon Kifi

Kiwon kifi, musamman tarwaɗa, ya zama sana'ar da ta bazu a garuruwan Arewacin Nijeriya, ta yadda da wuya a zaga unguwannin bayan gari a Kano ko Kaduna ko Zariya ba a tarar da tankin siminti ko na tamfol cike da kifi a bayan wani gida ba, kuma Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen kiwon wannan nau'in kifi. Sai dai tare da bazuwar sana'ar wata gurguwar fahimta ta samu gindin zama, wato ɗaukar da ake yi cewa muddin ruwa ya yi garau har ana hango ƙasan tanki, to lafiyarsa ƙalau. A 'yan shekarun nan wannan fahimta ta haifi wata, domin ana yawan jin masu kiwo suna cewa duk wanda ya sayi na'urar tace ruwa mai tantani, irin wadda masu ruwan leda suke amfani da ita, ya yi ban kwana da mutuwar kifi. Jarin mutane da dama ya narke a kan waɗannan zantuka biyu, kuma idan aka wayi gari kifi ya taso sama ciki a waje, sai a ɗora laifin a kan mai sayar da iri, ko maƙwabci, ko kambun baka.

Abin da masana suke kira ingancin ruwa abu ne da ake aunawa, kuma manyan ma'aunansa su ne yawan iskar oksijin da ta narke a ciki, da amoniya, da naitirait, da zafi, da ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Binciken nan daɗaɗɗe ne, domin tun 1888 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Lajos Winkler, ya fito da hanyar auna oksijin a ruwa, kuma a Nijeriya akwai cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Bussa, kusa da madatsar Kainji, wadda auna waɗannan abubuwa yana cikin aikinta. Duk cikin ma'aunan nan biyar babu ɗaya da ido yake gani.

Amoniya ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Guba ce da kifi yake fitarwa daga jikinsa bayan ya narkar da furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin abincinsa, kuma mafi yawanta tana fita ne ta mashaƙarsa, wato jan naman nan mai kama da haƙoran mataji da ke ƙarƙashin kumatunsa, ba ta kashi ba, shi ya sa tsame kashi daga tanki ba ya kawar da ita. Ƙiyasin da masu ilimin kiwo suke aiki da shi shi ne kowane kilo ɗaya na abincin kifi yana haifar da amoniya kimanin giram 30. Idan aka ɗauki tanki mai lita 10,000 da ake zuba masa abinci kilo 10 a rana, giram 300 ke nan za ta shiga ruwan, wato miligiram 30 a kowace lita cikin yini guda idan babu abin da yake rage ta, alhali ruwan yana iya kasancewa fari tas kamar na randa. Kifin da ke ciki zai rage cin abinci, mashaƙarsa ta ƙone, girmansa ya tsaya, ƙwayoyin cutar da a da ba sa iya yi masa komai su samu ƙofa.

Akwai kuma wani abu da yake ruɗa masu kiwo, wanda shi ne amoniya tana zama a ruwa da fuska biyu, ɗaya mai tsananin guba ɗaya mai sauƙi, kuma pH da zafi ne suke yanke rabon kowace. A zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 takan kai kusan kashi 5. Idan ya kai 9 ta haura kashi 30. Ma'anar wannan ita ce ruwa ɗaya mai amoniya ɗaya yana iya zama da dama-dama da safe ya zama ajali da la'asar, domin a tafkin da gansakuka ta yi yawa pH yakan hau da rana, haka kuma sabon tankin siminti da ba a jiƙa aka wanke sosai ba yakan ɗaga shi. Ruwa ba ya tsami banza, amma wanda bai auna ba ba zai san dalilin ba.

Naitirait ita ce matakin da amoniya take komawa idan wasu bakteriya masu amfani suka fara sarrafa ta, kuma idan ta shiga jinin kifi tana hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Ita kuwa oksijin da ma ƙaranci gare ta a ruwa, domin a zafin digiri 30 lita ɗaya ba ta riƙe fiye da miligiram 7 da rabi, alhali lita ɗaya ta iskar da mutum yake shaƙa tana ɗauke da fiye da ninki talatin na wannan. Ruwan rijiyar burtsatse, wanda aka fi yarda da shi saboda haskensa, yakan fito daga ƙarƙashin ƙasa da oksijin kaɗan ƙwarai, wani lokaci da narkakken ƙarfe wanda sai ya sha iska yake zama tsatsa ya toshe mashaƙar kifi, ruwan famfo kuma yana iya zuwa da sinadarin kulorin. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iska da ita daga saman ruwa, kuma wannan juriya tata ce take ɓoye laifin mai kiwo tsawon makonni. 'Ya'yanta da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba ba su da wannan gata tukuna, karfasa ma ba ta da shi.

A tafkin ƙasa ma koren ruwa matsakaici alheri ne, domin ƙananan tsirran da suka ba shi launi suna samar da oksijin da rana, suna shan amoniya, kuma abinci ne ga karfasa. Tun 1865 wani malamin coci ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fito da farin faifan da ake nutsarwa a ruwa a ga zurfin da zai ɓace, kuma santimita 30 zuwa 45 ake so a tafkin kifi. Wanda ba shi da faifan yakan tsoma hannu zuwa gwiwa ya duba ko yana hango tafinsa.

Shi kuwa tantanin tace ruwa wata siririyar fata ce ta roba ko ta yumɓun masana'anta mai ƙofofi ƙanana, wadda ake tura ruwa ta cikinta da ƙarfin inji. Ana auna ƙofofin da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum ya kai maikuron 70 ko kusa da haka. Tantani mafi sassauci yana tare laka da yawancin bakteriya, waɗanda girmansu bai wuce maikuron ɗaya ko biyu ba. Na biye da shi, mai ƙofofi tsakanin 0.01 da 0.1, yana tare har da ƙwayoyin bairos da dama. Mafi tsanani kuwa shi ne wanda Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka inganta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas wajen 1960, wanda yake raba ruwa da gishirin da ya narke a cikinsa. Amoniya da naitirait narkakku ne, kuma sun fi ƙofofin nau'i biyun farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka suna wucewa salin-alin, ruwan ya fito yana ƙyalli da gubarsa a ciki. Na ukun yana rage su, amma yana tafiya da sinadaran da kifi yake buƙata da waɗanda suke hana pH yin tsalle, yana zubar da wani kaso na ruwan a banza, kuma yana cin wutar da a wannan ƙasa janareta ne zai biya ta. Babu kuma tantanin da yake ƙara oksijin. Bayan haka, ruwan tafki mai yauƙi da kashi yana toshe tantani cikin ɗan lokaci, sai an riƙa wanke shi ta baya da kuma sinadarai.

Wannan ba ya nufin tantani ba shi da amfani. A wuraren ƙyanƙyasa, inda ruwan da ake buƙata kaɗan ne kuma cuta guda tana iya share dubban 'ya'ya a dare ɗaya, tace ruwan shigowa da shi dabara ce mai ma'ana. A Holan, inda ake kiwon wannan tarwaɗa ta Afirka a rufaffun ɗakuna tun shekarun 1980, da Norwe, inda ake rainon 'ya'yan kifin salmon a ruwan da ake sake juyawa, tsarin yana farawa ne da rariyar da ke cire kashi, sannan matatar bakteriya, wato akwati cike da 'yan robobi da bakteriya masu amfani suke maƙalewa a kai suna mayar da amoniya naitirait, su mayar da naitirait naitiret mai sauƙin illa, sannan a hura iska. Inda aka gwada tantani, ƙari ne a kan waɗannan don kama ƙurar da ta kuɓuce wa rariya.

Abin takaici ne a ga mutumin da ya kashe dubban ɗaruruwan nairori a kan iri da abinci yana ƙyashin sayen 'yan kwalaben auna ruwa, sannan kifi na fara tangaɗi ya ɓare kafson tetarasaikilin ya watsa a tanki. Garin gyaran gira ake rasa ido, domin maganin bai taɓa amoniya ba, ya kashe bakteriya masu amfani, ya koya wa masu cutarwa jure magani, kuma ragowarsa tana nan a naman da za a sayar wa bayin Allah su ci. Wannan cin amanar mai saye ne, ko an sani ko ba a sani ba.

Abin da ya kamaci mai kiwo shi ne ya mallaki ma'aunin pH da na amoniya da na naitirait da na zafi da na oksijin, ya auna aƙalla sau biyu a mako, da asuba lokacin da oksijin ta fi ƙaranci da kuma la'asar lokacin da pH ya fi hawa, ya rubuta sakamakon a littafi tare da yawan abincin ranar. Ruwan burtsatse ko na famfo a tara shi a tanki buɗaɗɗe ya kwana, a sa ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama domin ya sha iska. Idan amoniya ta hau, matakin farko shi ne tsayar da abinci na yini ɗaya ko biyu, domin yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa, sannan a sauya wani ɓangare na ruwan a hankali, kada a zazzage shi gaba ɗaya a jefa kifi cikin sabon ruwa mai zafi da pH daban. Gishirin girki kaɗan yana rage shigar naitirait cikin jini, amma a nemi ma'aikacin gona ya faɗi gwargwado. Wanda ya haɗa matatar bakteriya ya sani cewa takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta kama aiki, don haka ba a cika tanki da kifi a makon farko. Cunkoso, da rashin ingancin iri, da abincin da ya yi fumfuna, da sanyin hunturu su ma suna da nasu rabon a asarar. Ruwan da aka fitar daga tanki kuwa taki ne, kuma gadajen alayyahu ko latas ko 'yan bishiyoyin ayaba a gefen gida sun fi dacewa da shi a kan kwatar unguwa, inda yake kwanciya ya yi wari ya tara sauro a ƙofar maƙwabta.