INA RUWAN KWATARMU YAKE ZUWA?

Hausawa na cewa ruwa abokin aiki. Amma ya ku ɗalibai, wa ya taɓa tambayar inda ruwan wankinmu yake zuwa bayan ya bi kwata? Amsar ta shafi lafiyar kowane gida a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Birnin Kano yana da magangara biyu. Ruwan arewacin gari yana gangarawa Kogin Jakara, har ya taru a madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Namu na kudu kuwa yana bin rafin Tatsawarki. A hanya rafin Salanta, mai ɗauke da dagwalon masana'antun Sharaɗa, yakan haɗu da shi, sa'an nan su faɗa Kogin Chalawa. A bakin Chalawar nan ne kuma, a Tamburawa, ake tace ruwan famfon da ake turo wa birni.

Kogi yana da hanyar wanke kansa. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cinye ƙazanta, amma sai da iskar oksijin da ke cikin ruwan. Idan ƙazanta ta yi yawa sai iskar ta ƙare, kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi yana wari. Mafi muni shi ne ƙarafa masu guba, kamar darma da kuromiyam ɗin da ake jima da shi a kamfanonin fata, domin su ba sa ruɓewa. Binciken da malaman Jami'ar Bayero suka buga a 2013 ya sami irin waɗannan ƙarafa a ruwan Tatsawarki, wanda masu lambu ke ban-ruwa da shi. Ta haka guba kan bi latas da alayyafo ta dawo cikin tukunyarmu.

Daga nan Chalawa ta haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda ke ciyar da fadamar Haɗeja da Nguru kafin ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. An gama madatsar Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Baƙo ya soma, ta Chalawa kuma a ƙasar Ƙaraye a 1992. Sun ba mu ruwan sha da noman rani, amma sun sauya halin kogin. Da can yakan yi ambaliya da damina, ya ƙafe da rani. Da ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa kwantawa duk shekara, sai ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Masanan da suka yi aiki da shirin kare fadamar, wanda aka fara a 1987, sun nuna cewa ruwan da aka bar wa fadama yana kawo amfani, na shinkafa da kifi da itace, fiye da wanda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban-ruwa. Shi ya sa suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina, kamar ambaliyar da aka saba.

To, mu mene ne namu? Na farko, kada mu zuba shara ko leda a kwata. Na biyu, mu yashe magudanar makaranta kafin ruwan farko. Na uku, mu dasa itatuwa da ciyawa a bakin rafi, domin saiwoyinsu na riƙe ƙasa, suna kuma tace ruwa.

Littafin Farawa ya koya mana cewa amanar gona aka ba Adamu, ba mallaka ba. Masuncin Nguru ba mu taɓa ganinsa ba, amma maƙwabcinmu ne, tunda abin da muka zubar yana iya isa gare shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.

Daga Malamin Labarin Ƙasa